Igiyar Awo

Shekara talatin ina ɗinki a Tudun Wada,
Na auna ƙugun malami, na auna na direba,
Kowa na shanye tumbi in igiya ta zagaya,
Amma nawa ƙugun kullum sai in ƙi aunawa.

Wandona ni nake yankawa,
In ƙara masa taƙi, ba wanda ya sani,
In ce yadin bana ne ke tsukewa.

"Kujera ta karɓe ka, Malam Barau!"
Haka Jatau mai tsire ke gaishe ni da magariba,
Ya zaɓo mini mai kitse, ya barbaɗe da yaji,
In kora da lemo mai sanyi,
In tafi gida teɓa na gaba, ina bin ta a baya,
Ina ɗaukar nauyin nan shaidar wadata ce mai zuwa.

Sai wata Laraba ramin allura ya zama biyu.
Ƙeya ta yi nauyi, sawu ya cika takalmi,
Tanimu yarona ya ɗora ni a babur,
Muka nufi Shika, taya na ta kokawa.

Likita Uwani ta juya bayan katina,
Ta zana ƙwayar wake, ta ce ƙoda ke nan,
Ta ɗora mata 'yar hula a ka.
Na ce, "Likita, hula kam aikina ce."
Ta ce, "Wannan ba ta ado ba ce, Baba, saurara,
Cikinta ake haɗa aldosteron,
Mai gadin gishiri, mai hana shi ficewa.

"Kitsen da ka tara ba barci yake ba,
Aike yake yi wa hular dare da rana:
Ƙaro, ƙaro!
Gishiri ya zauna, ruwa ya zauna kusa da shi,
Jijiya ta cika, jini ya dinga hawa.

"Shi kuma insulin ɗan rakiya ne,
Yana kawo suga ƙofar tsoka, ya yi sallama.
Da can sallama ɗaya ake buɗe masa.
Yanzu kitse ya tokare ƙyaure,
Aldosteron ya ƙara masa sakata,
Jiki ya turo 'yan rakiya goma, ana ta ƙwanƙwasawa.
Yawansu kuma ya sa ƙoda ƙara riƙe gishirin,
Ka ga, ba ka san wa ya fara ba, kowa na zuga kowa."

Na yi shiru. Na san wannan a kan kekena:
Zaren sama da na ƙasa in sun sarƙe,
Ba a fizga,
A hankali ake nemo bakin, a bi shi da warwara.
Ta ce, "To ga ƙwayoyi, amma bakin zaren
Yana cikin kwanonka da tafin sawunka, sai ka soma kamawa."

Gwamma ta rage dunƙule a miya, na yi fushin kwana uku.
Tuwo malmala ɗaya, zogale ya fi shi tudu.
Da asuba in taka har Ƙofar Doka in dawo,
'Yan acaɓa na yi mini hon, ina ɗaga hannu, ina wucewa.

Jatau ya daina kirarin.
Maƙwabta na raɗa, wai bashi ne ke cin Barau,
Wata ma ta aiko da rubutu a gora, kar in ƙarasa ramewa.

Jiya bayan isha'i na sakaya shago,
Na ciro igiyar daga wuyana,
Ban shanye tumbi ba, ban riƙe numfashi ba.
Arba'in da huɗu. Da, da bakwai ne.
Suga bai gama sauka ba, ranar Laraba zan koma,
Amma na kunna fitila, na ɗauko wandon Juma'a,
Na farke ƙarin da na ɓoye masa bara,
Na zauna ina ragewa.